Minti Tara Bayan Jiniya

Shekara talatin da ɗaya ina saman madatsar Roanoke,
a ɗaki mai sanyi, gaban allon fitilu.
In na danna da yatsa ɗaya, kogi ya kumbura,
in na sake dannawa, ya lafa kamar jaririn da ya ƙoshi.
Masuntan ƙasa kuwa ɗigo-ɗigo nake hango su ta gilashi,
ƙudaje a bakin kwano.

Yau ni ne ɗigon.

Harlan Boykin ne ya miƙo mini sandar,
tsohon da ya shekara ashirin yana tsine mini bai san sunana ba.
Ya ce, "Wendell, nan ba tsutsa, ba koto.
Gashin jelar barewa ne da na zakara biyu,
ka ɗaure su da zare a wuyan ƙugiya.
Ƙarya ce tsagwaronta, saura ka iya faɗinta."

Mako uku igiya na naɗe mini wuya.
Na kama reshe, na kama hulata,
ran Lahadi na kama kunnen Harlan.
Ya zare abinsa, ya tofar da yawu a ruwa:
"Bari ta miƙe a bayanka tukuna.
Sauri ya haifi nawa."

Da Afrilu ya tsaya, masu ratsi suka hauro daga teku,
fiye da mil ɗari suna saɓa wa ruwa,
har inda siminti ya ce musu iyaka ke nan.
A rahotannina su lamba ne kawai,
ban taɓa duban idon ɗayansu ba.

Asubar Talata, kogi na tururi,
na jefa bayan dutsen da suke kira Kujerar Fasto.
Ja, ja, dakata. Ja.
Sai sandar ta durƙusa.

Ba fizga ba ce, nauyi ne,
kamar na saƙalo ƙasan kogin, ƙasan kuma ya tashi tafiya.
Igiya ta ƙona mini yatsa, ƙarfen naɗi na kuka,

sai jiniya.

Na san muryarta. Ni na rubuta takardar da ke manne a bango:
busa uku, sannan a buɗe.
Yatsar Odessa Pettiford ce, wadda na koya wa aiki,
kofin gahawa a hagu, ido a kan agogo,
ba ta taɓa makara ba, ni na hana ta.
Daga busa zuwa dutsen nan minti tara ne.
Ni na auna, da biro, ina zaune.

Minti uku, duwatsu suka fara nutsewa ɗaya-ɗaya.
Ruwan gindin tafki, wanda bai taɓa ganin rana ba,
ya kama gwiwata, ya nemi cinya.
Harlan na ihu daga gaɓa: "Tsinke, mahaukaci! Tsinke!"

Minti shida na gan ta.
Azurfa ce, an ja mata layi bakwai da gawayi,
mace, cikinta tim da ƙwai,
tsawonta daga kafaɗata har wuyan hannu.
Na kama leɓenta na ƙasa, kaushi kamar dutsen wasa wuƙa,
ƙugiyar ta fita ba gardama.
Ta tsaya a tafina tana numfashi, ni ma haka,
sai ta mare ni da ruwa, ta wuce,
ba teku ta nufa ba, bangon ta sake nufa.

Yadda na kai gaɓa, sai ku tambayi Harlan.
Takalmi ɗaya ya tafi, hular ma ta bi shi.
Ya ja ni ta wuyan riga kamar ɗan maraƙi,
ya zuba mini gahawa a murfin gora,
ya bari sai da haƙorana suka daina kaɗawa,
sannan ya ce, "Taran nan taka, bakwai ce."

Na ɗaga kai. Can sama tagar na ƙyalli.
Na ɗaga mata hannu, ƙafa ɗaya ba takalmi,
na daɗe a haka,
ko da yake na san abin da ake gani daga can.